Surin da Malam Ɗahiru Ya Bari

A can ƙarshen unguwar Romi, a kudancin Kaduna, inda layi yake gangarawa rafi, akwai wata katanga da ta taho a miƙe sambal, sai kawai ta yi kwana, ta zagaye wani jan suri, sannan ta koma kan hanyarta. Baƙo yakan ɗauka maginin ne ya yi tatil da burkutu. Ba haka ba ne. Gidan Celina Bitrus ke nan, wadda manya da yara suke kira Maman Guza, kuma waɗanda suka laƙaba mata sunan ba don ƙauna suka laƙaba ba. Yau su ne suke jan baƙi suna nuna musu surin, baki har kunne, kamar da su aka yi gadinsa. Mutane ke nan. Ko kunya babu.

An haifi Celina a wani ƙauye a bayan Zonkwa. Ta zo Kaduna tana budurwa, da akwatin ƙarfe ɗaya a ka, ta sami aiki a wata masaƙa a Kakuri, ɓangaren da ake buga zane a jikin atamfa. A nan idonta ya koyi launi. Ko daga nesa ta hango zani a jikin mace, takan gane inda inji ya yi tuntuɓe, ja ya hau kan shuɗi. Ta auri Bitrus, direban tifa, suka lallaɓa suka gina ciki da falo a Unguwar Mu'azu, ƙetaren kogi, a tsakiyar Hausawa. Ta binne 'ya'ya biyu kafin Irene ta zo ta zauna. Bitrus ya rasu zamanin soja, ciwon hanta. Masaƙa ta rage ma'aikata, sunanta yana ciki. Ba ta zauna kuka ba, ta sayi babbar tukunya ta koma sayar da faten acca a bakin titi.

Gajeriya ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, ba ta iya kwana-kwana ba. In ta ce e, to e ɗin ce, ko da daga baya ita ce za ta sha wuya. A cocinsu kuwa ita ce mai tulu. Duk wanda ya taɓa jin matan zumunta suna waƙa ya san wannan tulun ƙasa da ake bugun bakinsa da ɗan matashin soso, mai amo kamar daga cikin ƙirjin mutum yake fitowa. Tun Irene tana goye tulun yake hannun Celina. Miji ya tafi, aiki ya tafi, tulu bai tafi ba. In ta rungume shi ranar Lahadi, ba gwauruwa ba ce, ba mai fate ba ce, ita ce ƙasan da waƙar take tsaye a kai.

Shekarar da soja suka koma bariki an yi murna ba kaɗan ba. Kowane bango hoton ɗan takara, kowane lungu da ciyaman ɗinsa. Wanda jiya ba a iya ba shi riƙon akuya, yau ciyaman ne. Ba a rufa shekara ba gari ya kama da wuta, rikicin addini, Musulmi da Kirista, aka kashe na kashewa aka ƙone na ƙonewa. Da ƙura ta lafa, Kaduna ta tsage biyu. Kirista suka kwararo kudu da kogi, Musulmi suka haura arewa.

A lokacin ne aka shiga musayar gidaje. Kana da gida a inda ba ka iya barci, wani yana da gida a inda shi ma ba ya iya barci, sai a haɗa ku, ku yi hannu, kowa ya kwashi tarkacensa. Wani direban a-kori-kura, abokin marigayi Bitrus, shi ya haɗa Celina da Malam Ɗahiru, wani dattijo mai lambu a bakin rafin Romi. Mota ɗaya ce ta kawo kayanta, ita ce kuma za ta koma da nasa.

Iyalinsa sun riga sun ƙetare. Shi kaɗai ta tarar, siririn tsoho, ƙafa duk faso, yana ɗaure bakin buhun iri. Ana sauke nata ana loda nasa, shi kuwa ya shiga zagayawa da ita kamar mai miƙa amarya. Ga rijiya, igiyar gugar ta kusa tsinkewa. Ga ƙofar ɗaki, sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa. Ga gwaiba, kada a yarda da yaran layi. Daga nan ya kai ta bayan gida, inda wani suri yake tsaye, ja jawur, ya fi mutum tsawo.

"Madam, ga wanda ya fi damuna," in ji shi.

"Suri? Ai alheri ne, Malam. Damina ta zo gara ta yi fiffike in kama shinge."

"Shinge naki ne, halak malak. Amma akwai amana a ciki."

A kwanakin nan abin da ake ɓoyewa a ƙasa ba na alheri ba ne. Ta ce, "Malam, in wani abu ka binne, tone kayanka ka tafi da shi. Ni ba na son fitina."

Ya yi 'yar dariya. "Ba ni na binne ba. Guza ce."

Sai ya ba ta labari. Washegarin ruwan ƙarshe na bara yana gyaran fangalin albasa, sai ga guza ta fito daga rafi, mace, ta fi taɓarya tsawo, ciki ya yi mata nauyi. Ta hau jikin surin ta kama tono da farce. Zago, manyan garar nan masu baƙin cizo, suka fito mata, suna kama ta har a fatar ido, ba ta fasa ba. Ta kutsa ciki, sai wutsiya a waje. Ya ajiye aikinsa ya tsuguna har rana ta karkata. Da ta fito, cikin nan ya lotsa, ta gangara rafi ko waiwaye babu. Ya leƙa ramin ya hango fari-fari. Washegari ya dawo, gara ta yaɓe wurin tas, kamar ba a taɓa shi ba.

"To ai gara ta cinye su tuni," in ji Celina.

"Haka na ce. Amma mahaifina ya taɓa gaya mini ba ta ci. Rufewa take yi, ta ɗumama su tare da nata, sai damina ta jiƙa ƙasa sosai su fito. Na tsufa a bakin ruwa ban taɓa gani ba. Na ce to, bana zan gani." Ya dubi motar da ake ɗaure wa katifarsa. "Ga yadda Allah ya yi."

Haushi ya kama ta. "Haba Malam! Mutane suna mutuwa kamar kiyashi, kai kana zancen ƙwan ƙadangare?"

"Shi ya sa, Madam," in ji shi. "Kada ki bari a fasa. In sun fito, ki aiko mini."

Direba ya danna ham. Ta dubi tsohon, ya bar rijiyarsa, ya bar lambunsa, bai roƙi komai a kansu ba sai wannan.

"Na ɗauka," in ji ta.

"Kin ɗauka?"

"Na ce na ɗauka. Sau nawa ake faɗa?"

Ya ɗora tafin hannunsa a gefen da yake kallon rafi, inda ƙasar ta ɗan fi duhu, ya yi 'yar addu'a a hankali, ya shafa, ya tafi. Abin da su biyun ba su lura da shi ba, akwai ido ta saman zana. Ɗanladi ne, maƙwabci, mai buga bulo, ciyaman na 'yan sintirin layi, wanda ko wanka za shi da usur ɗinsa a wuya.

Da farko komai lafiya. Yawancin matan cocinsu su ma Romi suka faɗo, har da Rebecca, uwar zumunta, ƙawar Celina tun daga masaƙa. Aka kafa rumfar kwano aka ci gaba da sujada, tulu ya ci gaba da amo. Celina ta sami gefen titi ta kafa tukunyarta. Sai wata rana Ɗanladi ya shigo yana sosa ƙeya.

"Mama, abeg, bari in kawar miki da wannan abu. Kyauta. Ƙasar suri ta fi siminti a daɓe, ga mutane suna kwana a kan turɓaya."

"Ba a taɓa shi."

"Saboda me?"

"Guza ta yi ƙwai a ciki."

Ya dube ta, ya dubi surin, ya fashe da dariya. "Guza! A suri! Rami ya ƙare mata ne sai ta ba gara reno? Wa ya gaya miki?"

"Mai gidan."

Dariyar ta ɗauke. "Mai gidan. Wanda na gani da idona yana tofi a kai?"

Kafin mako ya zagayo labari ya gama layi. Wai Bahaushe ya binne laya a suri don kada wanda ya zauna a unguwar ya ga daidai, a gaji a gudu, su dawo su karɓe filayensu. Wai Celina ce aka bar wa gadi. Ƙyanda ta shiga yara, aka ce suri ne. Rijiyar wani ta rufta, suri ne. Akuyar wata ta haɗiyi leda ta mutu, suri ne. Mutum goma a ɗaki ɗaya, ana shan ruwa a kofi ɗaya, ta yaya ƙyanda ba za ta shiga ba? Amma a'a, ba wanda yake son wannan bayanin. Tsoro ya riga ya cika ciki, ana neman inda za a juye shi, sai ga gwauruwa da suri. Yara suka fara bin ta suna "Maman Guza, Maman Guza," iyayensu suna daga ciki suna ji ba mai tsawatarwa. Tukunyar fate ta fara komawa gida da nauyinta.

Rebecca ce ta zo da kanta. Ƙatuwar mace ce, sai da ta karkace kafin ta shiga ƙofa. Celina ce ta yi mata wankan jego na duk 'ya'yanta, amma ranar ko ruwa ba ta karɓa ba.

"Maman Irene, ni ba na zagaye-zagaye."

"Da kin yi da na yi mamaki. Jikin ba na zagaye ba ne."

"Ba wasa ya kawo ni ba. Ƙwan nan, kin gani da idonki?"

"Ban gani ba."

"To!"

"Shi ya gani."

"Shi ya gani! Mutumin da 'yan'uwansa suka ƙone mana coci."

"Shi ya ƙone? Tsohon da ko buhun iri sai an ɗora masa?"

"Ki bari a fasa, Celina. In ƙwai ne mu gani, mu ba ki haƙuri."

"In aka fasa yanzu sun mutu. Haƙurinki zai mayar da su ciki?"

Rebecca ta tafa hannu. "Ƙadangare! A kan ƙadangare za ki zubar da sunanki?"

"A kan bakina. Na ce na ɗauka."

Rebecca ta miƙe da ƙyar, ta gyara ɗaurin zani. "To, har sai an warware wannan magana, tulu zai zauna a wurina."

Da mari ta yi mata da ya fi sauƙi. Lahadin nan wata matar ce ta riƙe tulun, tana bugunsa kamar mai kakkaɓe tabarma, waƙa tana gaba yana baya. Celina tana bencin ƙarshe ita kaɗai, an bar mata fili hagu da dama kamar mai kuturta. Ta sa hannuwanta a cinya don su zauna, suka ƙi, suna bugun cinyar da kansu.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita kanta ba ta sani ba. Irene, wadda ta riga ta zama budurwa tana aikin kitso a wani shago, ba ta ɓoye mata ba.

"Mama, ke kin san mutumin nan ne? Ko ruwa ba ku sha tare ba. A fasa kawai mu huta. Ni ma an daina kawo mini kai."

"Ki yi ta kitsa naki, ya fi kowanne buƙata," in ji Celina. Amma maganar ta zauna mata a ƙirji. In tsohon ruɗewa ya yi fa? In gara ta cinye su? In kuma da gaske laya ce, da wane ido za ta dubi Rebecca?

Sai ta koma zuwa bayan gida in ta dawo daga titi, ta zauna kusa da surin. Da farko harara take yi masa, shi ne ya jawo mata. A hankali hararar ta koma kallo. Ta lura akwai 'yan ƙofofi a samansa, in ta ɗora hannu sai ta ji iska mai ɗumi tana fitowa, kamar numfashin saniya. In ta kara kunne sai ta ji wani shuuu a ciki, kamar yayyafi a kan zana, ba ya tsayawa. Ba ta taɓa ganin ma'aikaci ko ɗaya a waje ba, amma kowace safiya akwai sabon yaɓe, ɗanye, a inda jiya babu. Ta yi aiki a masaƙa mai injuna da fanka da oga a kan oga, ba ta ga wurin da aiki yake tafiya haka ba, babu usur, babu ciyaman. Wani lokaci takan tsinci kanta tana rage murya in ta zo kusa, kamar ta shiga coci.

Ruwan fari ya sauka. Shinge ya fito, ta cika roba, ta soya da gishiri, ta aika wa maƙwabta kamar yadda ake yi a gida. Kwanonin suka dawo ba a taɓa ba. Guza kuwa shiru. Aka yi ruwa na biyu, aka yi na uku, shiru. Ana cikin haka gari ya sake rikicewa na 'yan kwanaki, aka sake kawo gawawwaki, zukata suka ƙara tauri. Ɗanladi ya busa usur ya tara 'yan sintirinsa, aka yanke magana: ranar Asabar za a yi addu'a, a rushe surin, a ƙone abin da yake ciki, ko ta yarda ko ba ta yarda ba.

Tun ranar Alhamis sama ta buɗe. Ruwa ba tsawa ba iska, yana zuba kawai, har rafi ya hau ya taɓa ciyawar bayan gida. Sai safiyar Asabar ya ɗauke. Celina ta fita cikin taɓo ta kara kunne a inda Malam Ɗahiru ya ɗora hannu. Shuuu ɗin yana nan. Amma a ƙarƙashinsa kamar akwai wani abu, ƙarat, ƙarat, kamar farce a bayan ƙwarya. Ta ɗaga kai, ta sake karawa. Ba ta ji ba. Ko kunnenta ne yake ba ta abin da take so?

Ta shiga ɗaki ta ɗaura zanen zumunta, wanda aka ce ta ajiye, ta ɗauko 'yar fartanya, ta tsaya.

Rana ta ɗan ɗaga suka iso. Ɗanladi a gaba da diga a kafaɗa da takalmin ruwa har gwiwa, samari biyu da galan na kananzir, mata a baya suna waƙa, ana bugun tulunta, a gidanta, bugun banza.

"Mama, matsa," in ji Ɗanladi. "Ba ma son mu taɓa ki."

"Taɓa ni mana ka gani. Diga ba za ta hau shi ba. In buɗewa ne ni zan buɗe. Gidana ne."

"Za ta ɓoye layar a zani!" in ji wata daga baya.

"To zo ki tsaya a kaina, uwar ido."

Rebecca ta ɗaga hannu, waƙa ta tsaya. "Ku bar ta ta buɗe."

Celina ta durƙusa a taɓo. A ranta ta ce, Malam, in na yi gaggawa ka yafe ni, sun fi ƙarfina. Ta kankare saman da fartanya, ƙasar ta yi laushi kamar tuwo. Sai ta ji tsoron ƙarfen, ta ajiye, ta sa hannu. Zago suka fito. Suka kama yatsunta, suna cizo ba sa saki, jini ya gauraya da jar ƙasa. Ba ta fasa ba. Tana yaƙushi tana zubarwa, tana yaƙushi tana zubarwa, har yatsunta suka faɗa cikin wani rami. Ɗumi ya bugi hannunta. Wani abu mai sanyi ya taɓa mata yatsa.

Ta zare hannun a hankali.

Harshe ne ya fara fitowa, siriri, mai baki biyu, ya lashi iska ya koma. Sannan kai, ɗan ƙarami kamar babban yatsa. Ya tsaya a bakin ramin yana ƙifta ido, hasken rana ya sauka a kansa, karo na farko tun da aka halicce shi. Ya fito gaba ɗaya, bai fi taƙi da 'yan yatsu ba, ya bi ta kan hannun Celina ya sauka. Wani ya biyo shi. Wani ya hau kan wannan. Sai ramin ya zama kamar bakin tulu da aka karkata, suna zubowa, suna zubowa.

Celina ta manta da mutanen da suke bayanta. Ta yi shekaru tana kallon atamfa tana fitowa daga inji da ɗanyen launi, ba ta taɓa ganin bugu mai tsabta irin wannan ba. Baƙi wuluk, an ɗiga masa ruwan ɗorawa, ɗigo-ɗigo a baya a jere, zobe-zobe a wutsiya har ƙarshenta inda ta koma kamar zare, babu inda launi ya zarce, babu inda ya gaza. Kowanne da 'yan faratansa cikakku. A cikin duhu aka yi wannan aiki, a cikin ƙasa, a gidan waɗanda ba danginsu ba, duk watannin da ake ƙone-ƙone a waje.

"Maciji!" wata ta ƙwalla, aka fara turereniya. Ɗanladi ya ɗaga diga. Daidai nan ɗaya ya hau kan takalminsa, ya zauna a kan yatsun, ya ɗaga kai yana lasar iska. Ciyaman ya sandare da diga a sama.

"Mama," in ji shi da ƙaramar murya. "Mama, ce masa ya sauka."

"In ka motsa ƙafar nan, Ɗanladi, ni da kai ne," in ji Rebecca. Ba ta ko dube shi ba, idonta yana ƙasa.

Abin da take kallo shi ne, duk wanda ya sauka sai ya ɗan tsaya, ya juya, ya nufi gangare. Ba a ganin rafin daga nan, ciyawa ta rufe shi. Babu uwa a gaba, babu mai kira. Amma ko ɗaya bai nufi titi ba, ko ɗaya bai nufi ɗaki ba. Matan da suka tsaya a wannan gefen suka tattare zannuwansu, suka dare biyu ba wanda ya ce su dare, 'ya'yan guza suka bi ta tsakanin ƙafafunsu a guje, ciyawa tana motsi a bayansu har ta daina. Na kan takalmin Ɗanladi shi ne na ƙarshe, sai da ya ga dama ya sauka.

"Yesu Mai Ceto," in ji Rebecca a hankali. "Wa ya gaya musu inda ruwa yake?"



Celina ta sake zura hannu har gwiwar hannu, ta lalubo, ta fito da ɓawon ƙwai, fari, mai laushi kamar tsohuwar fata, kowanne a tsage. Ta zube su a gaban Rebecca.

"Ga layar," in ji ta.

Kafin ta miƙe, gara ta riga ta fito bakin ramin, kowacce da 'yar ƙwayar laka a baki, sun fara rufewa.

Kada wani ya ce an ba ta haƙuri, ba a ba ta ba. Samarin suka sulale da kananzir ɗinsu. Matan suka shiga "ai ni dama na faɗa," har da mai cewa za a ɓoye laya a zani. Rebecca kaɗai ce ta fizge tulun daga hannun mai riƙe da shi, ta dire shi a ƙofar ɗakin Celina, ta ce, "Gobe kada ki makara. Wannan ta kusa kashe mu da bugun banza." Iyakar abin da aka samu ke nan, bayan duk wannan cin mutunci. Celina ta ɗauki tulunta ta shiga da shi. Washegari ta buga shi da yatsu a naɗe da tsumma, har kwanon rumfa yana amsawa.

Saura alkawari ɗaya. Ya ce ta aiko, amma wa za ta aika? Ranar Litinin ta ƙulle ɓawo ɗaya a bakin zani ta shiga bas. Irene ta bi ta har titi tana roƙo, ba ta saurare ta ba. Tun da ta baro can ba ta ƙetare gada ba. Ta wuce shingen 'yan sanda, ta wuce gidajen da suka ƙone, ta sauka a Unguwar Mu'azu, idanu suna bin zanenta. Ta tarar da Malam Ɗahiru a kan dakalin da Bitrus ya gina, ya ƙara ramewa, ya shuka albasa a cikin fasassun robobi ya jera su a gindin bango.

Ya gane ta. Ya yunƙura zai tashi, ta ce ya zauna. Bayan gaisuwa ta kwance bakin zanin ta ɗora masa a tafin hannu. Ya daɗe yana juya shi.

"Sun fito?"

"Sun fito."

"Su nawa?"

"Wa ya tsaya ƙirga, Malam? Sun cika gida."

"Ina suka nufa?"

"Rafi. Ba wanda ya nuna musu."

Ya rufe ido. Leɓensa ya motsa, hawaye ya bi ta cikin gemunsa, bai share ba. Ta ba shi labarin launinsu, dalla-dalla, yadda mai aikin masaƙa kaɗai za ta iya, ya sa ta maimaita. Ba ta gaya masa zancen laya ba, ko na tulu. Shi ne ya lura da tsumman hannunta.

"Wannan fa?"

"Zago."

Ya gyaɗa kai. "Haka suka yi wa uwar."

Da za ta tafi ta ce, "Igiyar gugarka ta tsinke, ka bar ni da aiki."

"Ai na gaya miki," in ji shi. "Ke kuwa ba ki gaya mini ɗakinki yana yoyo ba."

Bai ga wata daminar ba. Da Celina ta sami halin yin katanga, Ɗanladi ne ya buga bulon, shi ne kuma ya ja igiya. Da igiyar ta zo kan surin ya tsaya ya dube ta, ta dube shi, ya lanƙwasa igiyar da kansa. Yanzu ta tsufa, Irene ce take kan tukunya, gidaje sun cika gangaren, rafin ya koma leda da kumfar sabulu. Duk da haka, in damina ta zo ƙarewa, washegarin kowane ruwa Celina takan ja kujerarta bayan gida ta zauna tana fuskantar gangare. In yaro ya leƙo ya ce, "Maman Guza, ana kira," takan amsa da ƙaramar murya, ta ce a jira ta.